Motar lantarki na rage ruwa: ina ruwan yake zuwa, kuma wa ya kamata ya taɓa ta?

Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ƴan ruwa-ruwa ke saidawa da arha a bakin titi ta daina arha, sannan ga ƙarancin esansi da aka sha a watan Maris na 2025 inda mutane suka riƙa wuni a layi, to daga nan ne maganar motar lantarki ta fara shigowa hira sosai a Maraɗi. Motocin ba su da yawa har yanzu, ɗai-ɗai ne, waɗanda suka fi yawa su ne masu haɗa mai da batiri irin su Prius, amma masu tambaya sun yi yawa. Kuma tambayar da ta fi ruɗa mutane ita ce ta ruwa. An ce motar ba ta da inji, ba bidanji ba buji, to me ya kai ruwa cikinta har ake cewa tana yoyo? Ana cikin haka sai ga labari daga ƙasar Sin cewa daga ranar 1 ga Oktoban 2025 wata sabuwar ƙa'ida ta fara aiki kan irin ruwan da za a riƙa zuba ma motocin lantarki, wasu suka ɗauka ana nufin duk ruwan da ke cikin motocin da aka riga aka saida haɗari ne. Ba haka abin yake ba, amma sai an bi shi daki-daki.

Me ya kawo ruwa cikin motar da ba ta ƙona mai

Duk wanda ya taɓa riƙe waya tana caji cikin zafin watan Afrilu ya san batiri na ɗumi. To ka ninka wannan sau dubbai. Batirin motar lantarki ƙananan ƙwayoyi ne masu yawa aka jera cikin wani faffaɗan akwati da ke shimfiɗe ƙarƙashin mota, kuma irin wannan batiri na lityom ya fi son zama tsakanin digiri 15 zuwa 35. Injin esansi kuwa ruwansa na aiki wajen digiri 90 ba abin da ya dame shi. Ka ga bambancin ke nan. Mu nan da bazara iskar gari kanta na wuce digiri 40, wato tun motar na ajiye a inuwa batirin ya riga ya wuce inda yake so.

Ba batiri kaɗai ke zafi ba. Akwai motan lantarkin da ke juya tayoyi, akwai inbata wadda ke juya wutar batiri zuwa irin wadda motan ke ci (masu fano a gida sun san ta, sai dai ta mota ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba), akwai cajar da ke cikin motar, da wani akwati mai rage wuta ya ba ƙaramin batiri mai bolt 12. Duk waɗannan ruwa ke ratsa su ya kwashe zafi ya kai ma radiyata, wadda ƴan uwanmu na Katsina ke ce ma lagireto. Ruwan kuwa shi ne dai dangin gilasiyol da muka sani, kusan rabi ruwa tatacce rabi sinadarin gilikol, da wasu magunguna masu hana alminiyom ruɓewa. Famfunan da ke tura shi na lantarki ne, ba bel ke ja ba. Idan zafi ya fi ƙarfin radiyata, sai motar ta kunna kilim ɗinta, gas ɗin kilim ya sanyaya ruwan a wani ɗan akwati, ruwan ya sanyaya batiri. Shi ya sa za ka ga mota a kashe tana caji amma fanka na ta gudu, kuma shi ya sa ba a cusa hannu wajen fanka don wai mota a kashe take.

Ba kowace mota ce ke sanyaya batirinta da ruwa ba. Nissan Leaf da ta fito a 2010 iska kawai ta dogara da ita wajen batiri, kuma a 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda ake zafi irin namu, suka yi ta kukan batirinsu ya raunana da wuri. Amma ko ita Leaf ɗin tana da ruwa na inbata da motan lantarki. Prius ma haka, batirinta iska, inbatarta ruwa, da tankinta daban ba haɗe da na inji ba, kuma makanikai da yawa nan suke fara yin kuskure. Babura da adaidaita masu caji galibinsu ba su da ruwa ko kaɗan, wannan magana ba ta shafe su ba.

Ba kowace jiƙa ce yoyo ba

Kwanaki na tsaya wani garaji wajen hanyar Ɗan Isa, aka kawo wata mota mai caji, mai ita ya ce kullum da safe sai ya tarar da ƙasa a jiƙe inda ta kwana. Aparanti har ya ɗauko buta zai nufi tanki, maigidan ya ce mishi, “Kai yaro aje butar nan.” Ya sa aka shimfiɗa farin kwali ƙarƙashin motar, aka kunna kilim, aka jira. Da ɗigon ya sauka ya dangwala da yatsa ya murza, ya ɗaga kwalin ya duba a rana, ya ce, “Alhaji wannan ba ciwo ba ne, gumin kilim ne.” Ruwan fari ne tas, ba santsi ba wari, kuma ya bushe bai bar tabo ba. Da suka duba tanki yana nan tsakanin layukansa biyu. Motar na caji da dare, kilim na tashi da kansa don sanyaya batiri, raɓa na taruwa tana ɗiga, shi ke nan.

Ruwan sanyaya daban yake. Yana da launi, shuɗi ko ja-ja ko kore ko ruwan lemu, yana da ɗan santsi tsakanin yatsu, yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, in ya bushe kuma yakan bar wani fari-farin ɓawo a bakin tiyo. Sai dai launi ba shaida ba ne kan irin ruwan, rini ne kawai kamfani ke sawa, shuɗi biyu na iya zama ba jinsi ɗaya ba. Akwai kuma man giya da na birki waɗanda su mai ne sosai. Na ƙarshe wanda ba a wasa da shi: in aka ji wani wari mai kaifi kamar na maganin goge farce yana fitowa daga ƙarƙashin mota, ko ana jin ƙara tsss ko hayaƙi, to wannan daga ƙwayoyin batiri ne, a ja da baya a kira ƴan kwana-kwana, ba aikin garaji ba ne a wannan lokacin.

Yoyon waje da yoyon ciki

Nan ne gundarin maganar take. A motar esansi in ruwa ya ragu, an saba, a ƙara a ci gaba da tafiya, in an isa Gidan Runji a sake ƙarawa. A motar lantarki tambayar farko ita ce ina wanda ya ragu ya tafi. Domin hanyar ruwan a rufe take, kuma ba ta zafin da zai sa ya ƙafe haka kawai. In ya ragu sosai to wani wuri ya bi.

In waje ya bi, da sauƙi. Tiyo ya tsage, kolye ya saki, wata mahaɗar roba ta fashe, famfo na tsiyaya, dutse ya huda radiyata. Hanyoyinmu na taimaka ma irin wannan: zafi na busar da roba ta yi ƙarau, girgizar hanyar da ba kwalta na sassauta mahaɗai, ƙurar hunturu na toshe idon radiyata, ɓeraye na gwaguyar tiyo a gidan da ake aje hatsi kusa da mota. Wannan yoyo ana ganinsa, kuma haɗarinsa shi ne zafi, mota za ta rage ƙarfi, ta ƙi saurin caji, wata ta nuna hoton kunkuru a tabulo.

In kuwa ruwa na raguwa amma ƙasa a bushe, to wannan ne abin tsoro, don mai yiwuwa ciki yake zuba, cikin akwatin batiri ko cikin motan lantarki. Akwatin batiri a like yake don kada ruwan sama ya shiga, to haka kuma wanda ya zuba ciki ba ya fita. Sai ya kwanta a ƙasan akwatin inda wayoyi da ƙarafa masu bolt 400 suke, wasu motocin ma 800, alhali kuran ɗin gida da ke jefar da mutum bolt 220 ne. Gilasiyol na yau da kullum wuta na bin sa. Zai fara cin ƙarfe a hankali, ya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba, yana iya fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta, kuma ba lallai a ranar abin ya faru ba. A 2011 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta yi gwajin karo da wata Chevrolet Volt, batirin ya ƙwarzanu, hanyar ruwa ta fashe, aka aje motar a fili, sai bayan kusan sati uku ta kama da wuta. Farkon 2012 kamfanin ya ƙara ƙarfe mai kare batirin, ya sa na'urar da ke lura da yawan ruwa, ya kuma sa wani maƙali a bakin tankin don kada kowa ya riƙa buɗewa yana ƙari. Darasin da masu ƙera motoci suka ɗauka ke nan tun lokacin.

Abubuwan da ke jawo yoyon ciki a nan sanannu ne: ƙasan mota ya bugi tudu ko dutse, ko wani ya kafa kirik a jikin akwatin batiri maimakon wurin da aka tanada, ko tsohon haɗari da aka gyara jiki aka shafe fenti kafin a turo motar. Akwai kuma na tsufa, misali tsofaffin Tesla Model S masu babban motan lantarki an san su da wani juwan mai tare ruwa da ke cinyewa ya bar ruwa ya shiga cikin motan, har masu gyara kan zare wata ƴar na'urar auna gudu su duba ko ta jiƙe.

Yadda ake bin sawun yoyon

Matakin farko na mai mota ne kuma ba ya buƙatar taɓa komai. A aje mota a wuri mai daidai, a bari ta huce, a dubi tanki ta waje, a ɗauki hotonsa da waya, a sa kwali ƙarƙashi, gobe da jibi a sake ɗauka. Wasu motocin tanki biyu gare su har uku, kowanne da aikinsa, sai a duba littafin motar. In tabulo ya nuna jan gargaɗi na batiri, ko motar ta ƙi tashi, ko ta ƙi karɓar caji, to a daina gwadawa, a fitar da ita daga cikin gida zuwa fili nesa da ɗaki da rumbu. Kuma ba a janta da igiya kamar yadda muka saba, don in tayoyinta na juyawa motan na haifar da wuta, ɗaukarta ake a bayan babbar mota.

Sauran aikin na mai sana'a ne. Zai fara da na'urar bincike, wadda makanikai ke kira baliz, ya karanta abin da kwamfutar motar ta rubuta. Akwai wata lamba, P0AA6, da ke fitowa a motoci da yawa, ma'anarta wutar babban batiri ta fara samun hanya zuwa jikin mota. Nan sai an ɗan yi bayani. A wutar bolt 12 da makanikanmu suka saba, jikin mota shi ne mas, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batiri, da gangan aka haɗa. A babban batiri kuwa ba a haɗa komai da jikin mota ba, wayoyinsa biyu masu launin ruwan lemu a killace suke, kuma motar na auna wannan killacewa a kowane lokaci. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta sa mafi ƙanƙanta om 100 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke hana wuta wucewa) kan kowane bolt a ɓangaren wutar batiri, om 500 kan kowane bolt a ɓangaren wuta mai juyawa, wato a mota mai bolt 400 ana maganar om 200,000 ke nan in an ɗauki na biyun, lafiyayyar mota kuwa miliyoyi take nunawa. Ruwa na shiga awon nan sai ya faɗi.

Sai dai lambar P0AA6 ba ta cewa wane ruwa ne. Da damina in mota ta ratsa ruwan da ya kwanta a unguwa ko kusa da gulbi, ruwan na iya shiga wata mahaɗar waya ya kawo wannan lamba ɗin. Kwampresan kilim ma na kawo ta in an zuba mishi man da ba nasa ba, domin shi ma da babbar wuta yake aiki. Don haka ba a yanke hukunci a ce batiri ya mutu daga ganin lamba, sai an haɗa da tanki: ya ragu ko bai ragu ba?

Daga nan sai gwajin matsi. Ana ɗaura ɗan famfon hannu mai agogo a bakin tanki a hura iska, a zuba ma allura ido. In ta tsaya cak babu yoyo, in tana sauka akwai. Abin lura, hanyar ruwan motar lantarki a motoci da yawa ba ta ɗaukar matsi irin na injin esansi, farantan da ke ƙarƙashin batiri alminiyom ne siriri, wanda ya hura yadda ya saba zai iya fasa abin da bai fashe ba, sai a bi adadin da kamfani ya rubuta. In allura na sauka kuma ba a ga ɗigo a waje ba, sai a toshe hanyoyi ɗaya bayan ɗaya, a gwada ɓangaren radiyata daban, na motan lantarki daban, na batiri daban, har a kama inda iska ke gudu. Akwai rini mai ƙyalli da ake haska shi da fitila ta musamman, yana taimakawa, amma ba kowane kamfani ya yarda a zuba shi ba.

Kafin hannu ya kusanci duk wata waya mai ruwan lemu akwai tsari: a kashe mota a nisanta makulli, a cire kan ƙaramin batiri, a zare fulogin da ke raba babban batiri, a jira mintunan da littafi ya ce (galibi biyar zuwa goma) don wutar da ta taru a inbata ta sauka, sannan a auna a tabbatar babu wuta, duk wannan da safar hannu ta roba mai jure bolt 1000 wadda aka hura aka ga ba ta da huji. Kuma ko bayan an yi duk wannan, cikin akwatin batirin kansa wutarsa na nan, ba a kashe ta.

Gyaran kansa

Yoyon waje gyaransa bai fi ƙarfin makanikin da ya iya aikinsa ba: a canza tiyo, ko kolye, ko famfo, ko radiyata. Abin da ba ya yiwuwa shi ne dabarun da muka gada, fasa ƙwai cikin radiyata, barkono, garin sabulu, ko maganin toshe yoyo na kwalba. Hanyoyin ruwa cikin farantin batiri da inbata ƙanana ne ƙwarai, abin da zai toshe huji zai toshe su, sai wani sashe na batiri ya riƙa dahuwa shi kaɗai ba wanda ya sani. Liƙi da gam a mahaɗar roba ma ba ya daɗewa da girgizar hanya.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne cikawa. Hanyar ruwan doguwa ce, mai lanƙwasa da bawul-bawul masu buɗewa da umarnin kwamfuta, in aka zuba daga sama kawai iska na maƙalewa ciki. Famfon lantarki kuwa in ya yi ta juyawa a iska yana lalacewa. Shi ya sa ake tsotse iskar da na'ura tukuna sannan ruwan ya shiga da kansa, bayan haka a sa baliz ta umarci famfuna da bawul su yi zagayen fitar da iska. Bayan kwana biyu uku ruwan kan ɗan sauka kaɗan saboda ragowar iska ta fita, wannan ba sabon yoyo ba ne, amma in ya ci gaba da sauka a koma.

Yoyon ciki kuwa sai an sauke akwatin batiri, abu mai nauyin ɗaruruwan kilo, da teburin ɗagawa, a buɗe, a ga iya inda ruwa ya kai. Wani lokaci faranti ko mahaɗa kawai za a canza a busar a sake likewa a gwada da iska cewa akwatin ba ya shan ruwa, wani lokaci ruwan ya riga ya ci wasu ƙwayoyi. Wannan ba a yinsa a ƙasa kan rairayi ƙarƙashin bedi.

Sabuwar ƙa'idar Sin da gardamar wane ruwa

Ƙa'idar da ake magana, mai lamba GB 29743.2, cewa ta yi ruwan sanyaya na motar lantarki ya zama wanda wuta ba ta bin sa sosai, kada sabonsa ya wuce maikrosimens 100 a santimita (ma'aunin yadda wuta ke bin ruwa ke nan), alhali gilasiyol na yau da kullum yana kai dubbai. Manufar ita ce ko da ya zuba cikin batiri ɓarnar ta zo da sauƙi kuma a hankali. Ƙa'idar ta cikin Sin ce, ba ta hau kan kowa a Nijar ba, amma tun da motocin lantarki masu sauƙin kuɗi daga can suke fitowa, mai yiwuwa sababbin da za su iso nan da irin wannan ruwa za su zo.

Masu goyon bayan irin wannan ruwa hujjarsu a fili take, kariya ce ta biyu in ta farko ta faɗi. Masu ja kuma na cewa magungunan da ke hana ƙarfe ruɓewa su ne dai ke sa wuta na bin ruwa, in an rage su sai an nemo wasu, ruwan ya fi tsada, kuma da ya daɗe yana zagayawa yana kwasar gishirin ƙarfe sai ya fara ɗaukar wuta, dole a riƙa canza shi a kan kari. Hyundai ta riga ta yi amfani da wani shuɗin ruwa irin wannan a Kona da Ioniq, haɗin farko ya riƙa yin ƙwayoyi kamar gishiri yana toshe hanya har sai da ta canza haɗinsa. Tesla kuma ta bi ɗaya hanyar, ta dogara da like hanyar ruwan da kyau, littafinta ma cewa ya yi a yawancin hali ba a canza ruwan sanyaya batiri tsawon rayuwar motar, kuma mai mota kada ya buɗe tankin. Kowane ɓangare na da abin kamawa. Abin da duka suka haɗu a kai shi ne ba a gauraya iri biyu, kofi ɗaya na gilasiyol na kasuwa ya isa ya ɓata tankin ruwan da wuta ba ta bi.

Akwai kuma gardamarmu ta gida. Wasu na cewa gilikol don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi, haɗin rabi da rabi sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili yake daskarewa, mu ina ruwanmu. Gaskiya ne ba mu da ƙanƙara, kuma gaskiya ne zallan ruwa ya fi kwasar zafi. Amma ruwan famfo da na rijiya na ɗauke da gishiri da farar ƙasa, dubi gindin butar shayi ka ga abin da yake bari, wannan ɓawon ne zai kwanta cikin farantin batiri, ga cin alminiyom, ga shi wuta na bin sa. Wanda ya matsu a hanya, tsakanin Tasawa da Damagaram misali, kuma ya ga da idonsa yoyon na waje ne, tataccen ruwa shi ne mafi ƙarancin illa kafin ya isa inda za a wanke a sake. A nan ma a kula, abin da ake saidawa da sunan ruwan batiri kala biyu ne, akwai tatacce akwai mai asid, kuma kwalaben kan yi kama.

Wa zai gyara

Ra'ayi ya rabu biyu. Wasu na ganin motar lantarki ba ta garajin unguwa ba ce sam, a kai ta inda wakilin kamfani yake. Hujjarsu rai, da garanti ga wanda motarsa sabuwa ce. Wasu kuma na cewa wannan magana ce ta wanda bai san nisan Yamai ba, fiye da kilomita 600 a bayan babbar mota saboda kolye ɗaya, kuma galibin motocin da ke shigowa na hannu ne, ba garanti ba wakili. Suna tuna cewa lokacin da motoci masu kwamfuta suka fara zuwa haka aka ce makanikanmu ba za su iya ba, yau ga baliz a garaji da yawa.

In aka auna, aikin ne ya kasu biyu. Tiyo, famfo, radiyata da tanki suna ɓangaren da ba babbar wuta, makanikin da ya san inda wayoyin ruwan lemu suka bi, yana da baliz da ta san motar da ruwan da ya dace, zai iya. Duk abin da ya kai ga buɗe inbata, motan lantarki ko akwatin batiri yana son horo na daban da kayan kariya. A Faransa sai mutum na da takardar izinin aikin wutar mota kafin ya taɓa wannan ɓangare. Maraɗi, garin da ke da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da makarantun koyon sana'a, ga kuma matasa da suka riga suka goge da haɗa fano da inbata da batirin lityom a gidaje, bai rasa waɗanda za a ɗora ma wannan horo ba.

Abin da zai taɓa aljihu da gida

Ga mai mota, bambancin kuɗi tsakanin yoyon da aka kama da wuri da wanda aka yi ta ƙara ma ruwa babba ne, na farko kuɗin tiyo da ruwa, na biyu na iya zama batiri, wanda shi ne mafi tsada a duk jikin motar. Kayan gyara kuma ba a kasuwa suke a jibge ba, sai an yi oda ta Kano ko ta Lome, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya ta wancan ɓangare na daɗewa a hanya, mai taksi ko mai haya da motarsa ke ci da gida zai iya yin makonni a tsaye. Wanda ya sayi irin motar nan yana da kyau ya sayo galan na ainihin ruwanta tun tare da ita ya aje.

Mai shirin sayen ta hannu, ban da kilomita da fenti, ya sa a ɗaga motar a dubi ƙasan akwatin batiri ko akwai lotsawa ko sabon gam, a dubi kowane tanki da launin ruwansa ko ya yi dauɗa ko alamar an gauraya, a sa baliz ta karanto tsofaffin lambobi da awon killacewar wuta, don ana iya goge gargaɗi daga tabulo ranar ciniki ya dawo bayan sati.

Masu saida kayan mota su ma abin zai zo kansu, galan mai rubutun Sinanci ko Turanci da hoton motar lantarki a jiki ba shi ke nuna ya dace da kowace mota ba, lambar da ke littafin motar ita ake bi.

Sai maganar tsakar gida, wadda ta shafi har wanda motarsa ta esansi ce. Gilikol guba ne mai lalata ƙoda, kuma zaƙi gare shi. Mota na kwana a gida, awaki da kaji na yawo, yaro mai rarrafe na dangwalar duk abin da ya gani mai launi. In ya zuba a rufe da rairayi a kwashe a kai nesa, tsohon da aka tsiyaye daga mota kuma kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, kada a aje shi cikin robar lemo. In yaro ya sha a tafi asibiti nan take tare da galan ɗin, ko da ya nuna kamar ba abin da ya same shi, domin da farko maye-maye kawai yake sawa, ciwon ƙodar sai bayan kwana ɗaya zuwa uku yake bayyana.